Shin sai da bayanan sirri mai zuba jari zai tsira daga rikicin ƙasashe?

Tambaya: Ina da ɗan abin da na tara, na sa wani kaso a hannun jarin kamfanonin mai da gas. Duk lokacin da manyan ƙasashe suka fara zare wa juna ido sai in ga farashi yana tsalle, hankalina ya tashi. Wani ya ce mini manyan masu kuɗi suna da tsofaffin jami'an leƙen asiri da ke tsegunta musu abin da zai faru, mu ƙanana kuwa a makance muke tafiya. Gaskiya ne? Kuma ta wace hanya rikicin ƙasashe da kasuwar mai ke taɓa jarin mutum?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, amma a rabin hanya ya ajiye ka. Tabbas manyan bankuna da kamfanonin jari suna ɗaukar mutanen da suka fito daga hukumomin leƙen asiri. David Petraeus, wanda ya shugabanci CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ya koma kamfanin jari na KKR a 2013. A Landan akwai kamfanonin ba da shawara da tsofaffin jami'an asirin Birtaniya suka kafa, ba su da sana'a sai sayar wa 'yan kasuwa fahimtar abin da ke gudana a fadojin mulki. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Abin dubawa shi ne ko hakan yana hana su tafka asara.

Ga kamfanin mai na Birtaniya, BP. A 2015 John Sawers, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6, ya shiga majalisar daraktocinsa, kuma shi ya jagoranci kwamitin da ke sa ido kan siyasar duniya. Da wuya a sami kamfanin da ya fi shi kunnuwa. Duk da haka, ranar 27 ga Fabrairun 2022, kwana uku bayan Rasha ta afka wa Yukren, BP ya sanar cewa zai rabu da kashi 19.75 cikin ɗari da yake da shi a kamfanin man Rasha na Rosneft, ya rubuta asarar kusan dala biliyan 24 a littafinsa. Ban yarda cewa rashin labari ne ya jawo musu wannan ba. Jarin ya yi girman da babu mai saye cikin mako ɗaya ko wata ɗaya, yana kawo riba duk shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na man da BP ke ƙirgawa a matsayin nasa daga nan yake fitowa. Ko da an raɗa musu ranar da za a fara harbi, ta ina za su fita?

Wannan tambayar nake so ka riƙe. A ganina, babban haɗarin da siyasar ƙasa da ƙasa ke jawo wa mai jari shi ne a wayi gari an rufe ƙofar fita, kadararka tana nan amma ba ta sayuwa, ko kuma an ce ba taka ba ce. Tsallen farashi, wanda shi ke hana ka barci, yana bayan wannan da nisa.

Bari dai in fara da shi tunda shi ka fi gani. Ranar Asabar 14 ga Satumban 2019 aka kai hari da jirage marasa matuƙi da makamai masu linzami kan cibiyar sarrafa mai ta Abƙaiƙ da filin Khurais a Saudiyya. Ganga miliyan 5.7 a rana suka tsaya cak, wato kusan rabin abin da Saudiyya ke haƙowa. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin, ɗanyen mai na Brent, wanda da shi ake auna farashin mai a duniya, ya rufe da ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari. Kafin a yi mako uku farashin ya koma inda yake. Saudiyya ta ci gaba da cika wa masu saye alkawari daga rumbunanta, ta gyara abin da ya lalace da sauri, kuma a lokacin duniya ba ta cikin ƙishin mai. Wanda ya ruga ya sayi hannun jari ranar Litinin ɗin saboda kanun labarai, shi ya biya kuɗin tsoron wasu.

Na 1991 ya fi wannan ban mamaki. Bayan Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a Agustan 1990 farashi ya ninka, ya kai wajen dala 40. Ranar 17 ga Janairu, ranar da jiragen Amurka da ƙawayenta suka fara ruwan bama-bamai, farashin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a yini guda, domin 'yan kasuwa sun gane rijiyoyin Saudiyya za su tsira. An sake ganin irin haka a Yunin 2025: ranar da Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka da ke Katar, mai ya faɗi da kusan kashi 7 cikin ɗari, don an fahimci martanin a kan sansanin soja ya tsaya, jiragen dakon mai ba a taɓa su ba. Kasuwa tana sa kuɗin tsoro tun kafin abu ya faru, in ya zo bai kai yadda aka zata ba sai ta cire shi.

Amma kada ka ɗauka kullum haka ne. A 1973, da ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka da wasu ƙasashe mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12, kuma ba ta dawo ba. Dalili shi ne ikon yanke farashi ya bar hannun manyan kamfanonin Yamma ya koma hannun ƙasashen da ke da rijiyoyin. Saboda haka duk lokacin da aka yi ƙara, kafin ka taɓa jarinka ka nemi amsar abubuwan nan: ganga nawa ne suka ɓace daga kasuwa da gaske, har tsawon wane lokaci, wa ke da rarar rijiyoyin da zai buɗe ya cike giɓi, me ke cikin rumbuna, kuma akwai wata hanyar da kayan za su bi? Rumbunan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan wahalar 1973 aka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a 1974, aka wajabta wa mambobinta ajiye man da zai kai kwana 90 na abin da suke shigowa da shi, kuma a 2022 Amurka kaɗai ta saki ganga miliyan 180 daga nata.

Mashigin Hormuz ya fita daban da sauran wurare saboda waɗannan tambayoyin duk a kansa suke taruwa. A lokacin da hanya take lafiya, kusan ganga miliyan 20 ke ratsa shi kullum, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke sha. Saudiyya tana da bututu zuwa Yanbu a gaɓar Bahar Maliya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da nata zuwa Fujaira, amma su biyun wani ɓangare kawai za su iya ɗauka. Gas ɗin da Katar ke fitarwa ta jiragen ruwa kuwa ba shi da wata ƙofa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, yawancin rarar rijiyoyin da ake dogaro da su a lokacin gaggawa a bayan wannan mashigin suke. Masu agajin ma suna cikin ɗakin da aka kulle.

Nan ne nake so ka bambanta mai da gas, domin mutane da yawa suna haɗa su a jaka ɗaya. Ɗanyen mai yana hawa jirgi ya tafi duk inda aka biya. Da Turai ta juya wa man Rasha baya, kuma ƙasashen G7 suka ƙayyade masa dala 60 a Disamban 2022, man bai ɓace ba, hanya ya sauya. Indiya, wadda a da ɗan ƙalilan take saya daga Rasha, ta koma tana samo kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗanyen manta daga can, cikin rahusa, a tsofaffin jirage masu ɓoyayyun iyayengiji. Shi ya sa Brent ya taɓa dala 139 a Maris na 2022 amma kafin ƙarshen shekara ya sauko ƙasa da 90. Gas na bututu ba haka yake ba. Bakin bututu ɗaya yana wurin mai sayarwa, ɗayan yana wurin mai saye, in an murɗe famfo shi ke nan.

Kamfanin Uniper na Jamus shi ya ɗanɗana wannan. Shi ne babban mai shigo da gas ɗin Rasha, kuma ya riga ya ƙulla yarjejeniya da garuruwa da masana'antu cewa zai ba su gas a farashin da aka tsayar. Da Gazprom, kamfanin gas na Rasha, ya fara rage abin da ke bin bututun Nord Stream a tsakiyar 2022, daga baya ya rufe gaba ɗaya, dole Uniper ya shiga kasuwa yana sayen gas da tsada yana bayarwa da arha. Farashin da a shekarun baya yake yawo wajen yuro 20 ya haura yuro 300 a watan Agusta. Cikin wata tara kamfanin ya bayyana asarar kusan yuro biliyan 40, gwamnatin Jamus ta karɓe shi a ƙarshen shekara, kamfanin Fortum na Finlan da ke da mafi yawan hannun jari ya fita da asarar kusan yuro biliyan 6. Ka lura, a idon masu jari Uniper kamfani ne na wuta da gas a ƙasa mai doka da oda, irin wanda ake saya don a kwanta da hankali. Haɗarinsa yana can wani wuri, a ƙarshen bututu.

Siyasa tana kuma karya farashi kamar yadda take ɗaga shi, kuma kai mai hannun jarin kamfanonin mai wannan ya fi shafarka. A Nuwamban 2014 ƙungiyar OPEC ta ƙi rage haƙo duk da man Amurka da ya cika kasuwa, gangar da take sama da dala 110 a tsakiyar shekarar ta ci gaba da gangarowa har zuwa ƙasa da 30 a Janairun 2016. A Maris na 2020 Saudiyya da Rasha suka ɓata a taron Biyana daidai lokacin da korona ta tsayar da duniya, ranar 20 ga Afrilu farashin man Amurka ya rufe a dala 37 ƙasa da sifili, saboda babu wurin zubawa.

Wanda ba shi da ko hannun jari ɗaya a kamfanin mai ma bai kuɓuta ba. Makamashi yana cikin kuɗin sufuri, yana cikin takin zamani, yana cikin ƙarfe da siminti. In ya yi tsada komai ya bi shi, babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, darajar takardun bashi ta faɗi. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka a Yunin 2022, ta kai 10.6 a ƙasashen yuro a Oktoba, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin shekara ɗaya da rabi. A shekarar hannun jari da takardun bashi tare suka faɗi, alhali mutane da yawa sun haɗa su ne don ɗaya ya tallafi ɗaya. Ƙasashen da ke sayen mai da dalar da suka ranta su suka fi jin jiki: Siri Lanka ta kasa biyan bashinta a 2022, Pakistan ta riƙa neman jiragen gas ba ta samu saboda Turai ta fi ta tayi.

Yanzu ga maganar ƙofa. Ranar 28 ga Fabrairun 2022 kasuwar hannun jari ta Mosko ba ta buɗe ba, kuma sai 24 ga Maris aka dawo da ciniki, tare da hana baƙi sayarwa. Kamfanin MSCI, wanda asusun jari masu yawa ke bin ma'auninsa, ya cire Rasha a farashin da bai bambanta da sifili ba. Kamfanonin suna nan suna haƙo mai suna samun riba, amma mai hannun jari na waje ba ya iya sayarwa, ribar da aka raba masa kuma tana kulle a wani asusu na musamman a Rasha. Kamfanonin da ke ba da hayar jiragen sama sun bar jirage kusan 400 a can, suka shafe shekaru suna shari'a da masu inshora. Ta ɗaya ɓangaren kuma an daskarar da kusan dala biliyan 300 na babban bankin Rasha. Idan za a iya hana ƙasa mai makaman nukiliya taɓa ajiyarta, ka auna matsayin mutum ɗaya mai manhaja a waya.

Takunkumi ba ya buƙatar yaƙi. Ranar 6 ga Afrilun 2018 baitulmalin Amurka ya sa attajirin Rasha Oleg Deripaska da kamfaninsa na alminiyam, Rusal, cikin jerin waɗanda aka haramta hulɗa da su. Da aka buɗe kasuwar Hong Kong, rabin darajar kamfanin ta tafi a rana ɗaya. Babu masana'antar da ta ƙone, takarda ce kawai aka sa wa hannu.

Sai tsohon haɗarin da bai taɓa mutuwa ba, wato gwamnati ta sauya yarjejeniya bayan ka gama zuba kuɗi. Kafin a haƙa rijiya kamfani ne ke da baki, domin shi ke da kuɗi da fasaha. Da zarar an binne biliyoyi a ƙasa kuma mai ya fara fitowa, baki ya koma wurin gwamnati, tunda rijiya ba ta ɗaukuwa. Benezuwela ta karɓe ayyukan yankin Orinoko a 2007. A 2019 kotun sasanci ta ce a biya kamfanin man Amurka na ConocoPhillips, wanda abin ya shafa, sama da dala biliyan 8, amma hukunci daban, kuɗi a hannu daban, kamfanin ya ci gaba da zagayen kotuna yana neman abin kamawa. Ajantina ta ƙwace kashi 51 na kamfanin mai na YPF daga hannun kamfanin Repsol na Sifen a 2012, aka sasanta a kan dala biliyan 5 a 2014, kusan rabin abin da Repsol ya nema. Kada ka ce wannan halin ƙasashe matalauta ne. Birtaniya ta ɗora harajin rarar riba na kashi 25 kan masu haƙo mai a tekunta a Mayun 2022, ta mai da shi 35 bayan 'yan watanni. Galibi irin wannan yana zuwa ne lokacin da farashi yake sama, wato daidai lokacin da kake murna jarinka ya yi kyau.

To ina aikin leƙen asiri a duk wannan? Masu wannan sana'a suna raba abu biyu: abin da ƙasa take iya yi, da abin da shugabanta yake niyyar yi. Na farko ana ƙirga shi, tankoki nawa, jirage nawa, asibitin tafi-da-gidanka nawa aka kafa kusa da iyaka. Na biyu yana cikin kan mutum ɗaya ko 'yan tsiraru, wani lokaci shi kansa bai gama yanke shawara ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to waɗannan mutane ne da suka ƙware wajen ɓoye fuska. A Agustan 1978 CIA ta rubuta cewa Iran ba ta ma kusa da juyin juya hali, bayan wata biyar Sarki Shah ya bar ƙasar. A 2003 an tsaya gaban Kwamitin Sulhu an ce Iraƙi tana da makaman ƙare dangi, aka shiga ba a samu ba. Isra'ila, duk da sunan da ta yi a wannan fage, an shammace ta a Oktoban 1973, aka sake shammatar ta a Oktoban 2023.

Abin da ya faru a 2022 kishiyar wannan ne, kuma shi ya fi amsa tambayarka. Amurka da Birtaniya sun gano shirin Rasha na mamaye Yukren, suka fito fili suna faɗa. Shugaban CIA na lokacin William Burns ya je Mosko a Nuwamban 2021 ya yi gargaɗi, a Disamba jaridu suka buga cewa ana shirin tara sojoji har 175,000, kamfanonin tauraron ɗan'adam masu zaman kansu suka riƙa sakin hotunan sansanoni kowa yana gani. Bayanin sirri mafi tsada a duniya aka raba kyauta na tsawon wata uku. Mutane da yawa ba su gaskata ba, wasu saboda tabon 2003, wasu saboda a lissafinsu yaƙin ba zai amfani Rasha ba. Shugaban hukumar leƙen asirin Jamus yana cikin Kiyef ranar da aka fara yaƙin, sai ta mota aka fito da shi. Shugaban leƙen asirin sojan Faransa ya rasa kujerarsa a watan da ya biyo baya. Su kuma masu jari, akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba: hannun jarin Rasha suna da arha, suna ba da riba mai kauri, kuma manajan asusun da ya sayar da wuri yaƙi bai zo ba zai sha tambaya daga masu kuɗin. Wanda abincinsa ya dogara ga kada abu ya faru yana da saurin yarda cewa ba zai faru ba.

Alamar gas ma a fili take. Rumbun Rehden, mafi girma a Jamus, a lokacin yana hannun wani reshen Gazprom, kuma an shiga hunturun 2021 yana kusan wayam, alhali ana wallafa alƙaluman rumbunan Turai kullum a intanet. A Janairun 2022 Fatih Birol, shugaban Hukumar Makamashi ta Duniya, ya fito ya ce Rasha tana riƙe gas da gangan. Duk mai son gani ya gani.

Yawancin abin da manyan 'yan kasuwa ke kira bayanan sirri a yau irin wannan ne, abu ne na fili da aka tattara da haƙuri. Kowane babban jirgin ruwa yana da na'urar da ke sanar da inda yake, kamfanoni irin su Kpler da Vortexa suna bin sawun jiragen dakon mai ɗaya bayan ɗaya, in jirgi ya kashe na'urarsa a nemo shi a hoton tauraro. Manyan tankunan ɗanyen mai suna da rufin da ke yawo a kan man. In man ya ragu rufin ya sauka, inuwar bangon tankin ta faɗa ciki ta yi tsawo, daga sama a auna inuwar a ƙiyasta gangunan da suka rage. A daren mamayar Yukren wasu masu bincike a Kalifoniya sun ga cunkoson motoci a Google Maps kan hanyar Belgorod zuwa iyaka da misalin ƙarfe uku na dare, sa'o'i kafin a sanar da komai.

Ni kaina alamar da na fi ba wa muhimmanci ita ce kuɗin inshorar yaƙi na jiragen ruwa, domin masu sa wannan farashi aljihunsu ne zai biya in sun yi kuskure. Da mayaƙan Huthi suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya daga Nuwamban 2023, kuɗin ya tashi daga ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari na darajar jirgi zuwa kusan kashi 1 a kowace wucewa. Jirgin dala miliyan 100 zai biya kusan miliyan ɗaya kenan don tafiya guda. Jirage suka koma zagaye ta ƙasan Afirka, ƙarin kwana goma ko fiye. Ɗanyen mai bai wani motsa sosai ba. Masar ce ta ji a jikinta, kuɗin shigar mashigin Suwez ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kusan 4 a 2024, su kuma kamfanonin dakon kwantena suka ci riba saboda kuɗin dako ya tashi. Wanda ya hango rikicin daidai amma ya sayi mai, bai sami komai ba.

Ba zan ce maka babu masu cin moriyar asirin gwamnati ba. Wani bincike da masana tattalin arziki uku suka wallafa a 2011 ya nuna cewa a zamanin yaƙin cacar baka, hannun jarin kamfanonin da za su amfana da juyin mulkin da CIA ta shirya, irin United Fruit a Gwatemala a 1954, sun riƙa tashi bayan an amince da shirin a asirce, tun kafin a aiwatar. Labari yana yoyo. Wannan kuma yana tuna mana cewa hukumomin nan ba 'yan kallo ba ne kawai, wani lokaci su ne ke kunna wutar, kamar yadda aka kifar da Mosaddek a Iran a 1953 bayan ya mayar da man ƙasar hannun gwamnati. Amma ciniki da irin wannan labari laifi ne a manyan kasuwanni, kuma duk wanda ya zo yana tallata maka shi a waya ko a wani zaure na intanet, ka sani da yana da shi da gaske ba zai neme ka ba. Neman bayani ma yana da nasa haɗarin: a Maris na 2023 hukumomin Sin sun tsare ma'aikatan kamfanin bincike na Mintz a Beijin, a Yuli kuma aka faɗaɗa dokar yaƙi da leƙen asiri, abin da ya sa binciken kamfani kafin a saye shi ya ƙara wuya a can.

In kana karanta sharhin masana, ga abu ɗaya da masu leƙen asiri suka koya da wahala. A 1951 manazartan Amurka suka rubuta cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi a kai wa Yugoslabiya hari. Sherman Kent, ɗaya daga cikin manyansu, ya bi waɗanda suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya kashi nawa cikin ɗari suke nufi. Amsoshin suka kama daga 20 har zuwa 80. Saboda haka duk wanda ya ce maka abu yana iya faruwa, ka nemi ya ba ka lamba da wa'adi. In ya ƙi, bai gaya maka abin da za ka yi aiki da shi ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka bar gasar hasashe, ka mai da ƙarfinka kan abin da ke hannunka. Shahararren mai zuba jari Warren Buffett ya sayi hannun jari na sama da dala biliyan 4 a TSMC, kamfanin Taiwan mai ƙera ƙwayoyin kwamfuta, a 2022, ya sayar cikin 'yan watanni, ya kuma ce kamfanin yana cikin mafiya kyau a duniya, wurin da yake zaune ne bai kwanta masa ba. Bai ce ya san ranar da za a taɓa Taiwan ba. Ya auna abin da zai rasa in an taɓa, ya ga bai shirya ɗauka ba. Kai ma kowane jari da kake da shi ka tambayi kanka: kadarar tana wace ƙasa, wace kotu ce za ta saurare ni, da wane kuɗi za a biya ni, a hannun wa takarduna suke ajiye, kuma in kowa ya tashi sayarwa rana ɗaya wa zai saya? Ka duba ko kamfanoninka masu sunaye daban-daban duk mashigi ɗaya ko bututu ɗaya suke dogaro da shi. Kada kason ƙasa ɗaya ya kai girman da in ya zama sifili zai rusa ka. Kuma ina roƙonka kada ka shiga wannan fage da kuɗin aro. Ranar 8 ga Maris na 2022 farashin ƙarfen nikel ya haura dala 100,000 kan tan ɗaya a kasuwar ƙarafa ta Landan, kasuwar ta dakatar da ciniki ta soke cinikin safiyar gaba ɗaya. Waɗanda suka ci aka hana su ribarsu, waɗanda ke kan bashi kuma da an bar cinikin da sun ƙare.

Tunda ka ce kamfanonin mai da gas ne, fara da rahoton shekara na kowannensu. Akwai shafin da ke rarraba yawan abin da suke haƙowa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, yanki bayan yanki, akwai kuma sashen da lauyoyinsu ke jera haɗurran da suke tsoro. Ka karanta su yanzu da hankalinka yake kwance, ka rubuta a takarda abin da in ya faru za ka rage jarinka da kuma kashi nawa za ka rage.